A Auna Kafin A Kai Wa Mai Walda

Rani ya kama, kuma kowane manomi ya san aikin da ke gabansa: kwasar taki daga turke da juji zuwa gona, cike kwazazzabon da damina ta bari, da gyaran hanyar da mota za ta bi ta ɗauko amfani. Tun zamanin iyayenmu aikin shebur ne da kwanon sarki. Amma yanzu leburori sun yi tsada, samari kuwa sun tafi cin rani. Saboda haka ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa masu tarakta suka shiga sha'awar ɗaura mata hannu da bokiti a gaba, irin wanda ke ɗibar ƙasa ya zuba a tirela. Sabo na kamfani kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu, sai a tafi wurin masu walda a ƙera na gida. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san akwai gwanayen ƙarfe a ƙasar nan. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake zaɓen silinda, watau bututun ƙarfen nan mai sanda a ciki wadda mai ke turawa ta ɗaga hannun, abin da makanikai kan ce wa jak. Da ido ake zaɓenta. A je wurin masu tsofaffin ƙarafa, a duba wadda ta fi kauri cikin waɗanda kuɗi suka isa, a ce wannan ai za ta ɗaga giwa, a saya.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Kada ƙungiya ko mai tarakta ya ba da ko kwabo na kafin alƙalami sai an zauna da takarda da fensir an fitar da girman silindar da aikin ke bukata. Lissafin bai fi ƙarfin yaron da ya gama firamare ba, balle akawun ƙungiya wanda kullum ke fama da littafin bashin taki. In kuwa aka yi shi, sau da yawa za a tarar babbar silindar nan da ake alfahari da ita ita ce mugun zaɓi.

Bari mu fara daga tushe. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana cewa in aka matsa ruwa ko mai a cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa kowane lungu na mazubin daidai wa daida. A 1795 wani Bature a Ingila, Joseph Bramah, ya ƙera injin matsa a kan wannan ƙa'ida. Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa, shi ya yi suna wajen shigar da ita cikin tarakta don ɗaga garma, tun daga taraktar da ya fitar a 1936, kuma jajayen Massey Ferguson da muke gani a gonakinmu daga zuriyar aikinsa suke. A lura fa, don ɗaga garma a baya aka tsara abin. Duk wanda ya ɗaura bokiti a gaba ya ba tarakta aikin da ba a haife ta dominsa ba, shi ya sa lalle ne ya yi lissafi.

Abu biyu ke ba silinda ƙarfi: matsin mai, da faɗin fuskar fistin ɗin da man ke turawa. Matsi ana auna shi da agogo, kuma a fuskar agogon za ka ga an rubuta bar, ko psi, ko duka biyu. Bar 1 daidai yake da psi 14 da rabi. Mu bar ya fi mana sauƙi, domin bar 1 kusan nauyin kilo 1 ne a kan kowane murabba'in santimita, watau ɗan gida mai santimita ɗaya a kowane gefe, kamar farcen ɗan yatsa. Tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai ake hura mata. Famfon yawancin taraktocin noma kuwa yana aiki ne tsakanin bar 140 da 210. A misalinmu za mu ɗauki 170, kusan psi 2,500 ke nan. Amma kai kada ka ɗauki nawa. Ka ari agogo wurin makanike, a ɗaura a bakin tiyo, a bar mai ya yi ɗumi, a taka inji kamar ana aiki, a riƙe liba na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan a karanta. Taraktar da ta yi shekara ashirin tana noma ba lalle ta ba da abin da littafinta ya ce ba.

Faɗin fuskar fistin kuwa, ka auna bakin silinda daga ciki, ba daga waje ba, domin kaurin ƙarfe ba ya tura kome. Ka ninka abin da ka samu da kansa, ka ninka da 11, ka raba da 14. Silinda mai inci 2, watau santimita 5 da ɗan ɗigo, tana ba da murabba'i 20. Mai inci 2 da rabi tana ba da 32. Mai inci 3 tana ba da 46. Sai ka ninka kowace da matsi. A bar 170, mai inci 2 za ta tura kilo 3,400, mai inci 2 da rabi kilo 5,400, mai inci 3 kilo 7,800. Ka ga abin da ido ba ya gani ke nan. In aka ajiye mai inci 2 kusa da mai inci 3, sai ka ce bambancinsu kaɗan ne, alhali babbar ta ninka ƙaramar biyu har da ƙari.

To, mai karatu zai ce, ashe magana ta ƙare. Silinda biyu masu inci 2, ɗaya dama ɗaya hagu, kilo 6,800 ke nan, kusan tan bakwai, ni kuwa rabin tan nake so in ɗaga. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, domin ba a bakin bokiti silinda ke turawa ba. Can kusa da gindin hannun take. Duk wanda ya taɓa ban ruwa da jigo a lambu ya san wannan, ko da bai san sunansa a boko ba. Guga tana can a ƙarshen doguwar sanda, curin yumɓu yana a gajeren gefe, kuma dole curin ya fi gugar nauyi nesa ba kusa ba kafin ya ɗaga ta. In tsawon gefen guga ya ninka gefen curi uku, sai curi ya ninka guga uku. Hannun bokiti jigo ne na ƙarfe. Silinda ita ce curin, sai dai gefenta gajere ne ƙwarai.

Awo biyu ake bukata, kuma ana iya samunsu tun ba a yanka ƙarfe ko ɗaya ba. A sami daɓen siminti, a zana hannun da gawayi ko alli daidai girman da za a ƙera shi. Awo na farko, daga fin ɗin da hannun ke juyawa a kai zuwa tsakiyar kayan da ke cikin bokiti, a miƙe kamar yadda ƙasa ta kwanta, ba a bi jikin hannun ba. Awo na biyu shi ne wanda ake kuskurewa. Ba nisan da ke tsakanin fin ɗin da wurin da aka liƙa silinda a jikin hannu ba ne. A miƙa zare a kan layin silinda daga kai zuwa gindi, sa'an nan a auna tazara mafi gajarta daga fin ɗin zuwa zaren. Sai a raba awo na farko da na biyu. A yi haka sau uku: bokiti yana ƙasa, hannu yana tsaka-tsaki, hannu yana can sama, domin tazarar tana canzawa yayin da hannu ke tashi. Wanda ya ba da lamba mafi girma cikin ukun, da shi za a yi aiki. A misalinmu a ce na farko santimita 250 ne, na biyu 30. An sami 8 da sulusi. Watau kowane kilo ɗaya a bokiti yana neman kilo 8 da sulusi daga silinda.

Sai kaya. A nan ma kada a ce bokiti ɗaya kawai, a ce bokiti ɗaya na mene ne. Bokitin da ke cin lita 300, watau duro ɗaya da rabi, in aka cika shi da shinkafa shanshera bai fi kilo 170 zuwa 180 ba. In aka cika shi da yashi mai laima ko jar ƙasa, ya kai kilo 500. Na san mai tarakta zai rantse cewa taki kaɗai zai riƙa kwasa. Amma ranar da mai tifa ya zo da kuɗi a hannu yana neman a loda masa yashi, direba ba zai ƙi ba. Don haka da yashi za a yi lissafi.

Ga lissafin. Yashi kilo 500. Bokitin kansa a ce kilo 150. Hannaye biyu a ce kilo 200, amma da yake nauyinsu a tsakiya yake, rabi za a ɗauka, watau 100. Jimla kilo 750. A ninka da 8 da sulusi, an sami kilo 6,250. A raba wa silinda biyu, kowace kilo 3,125. Sa'an nan a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, saboda gogayyar ƙarfe da roba, da kuma ƙarfin da ake bukata wajen ɓamɓaro ƙasa mai tauri daga tsibi. Ya zama kusan kilo 3,900. Yanzu a koma kan lambobin nan uku na sama. Mai inci 2, da kilo 3,400 nata, za ta ɗaga kayan da ƙyar a ranar da kome ke lafiya. Ranar da famfo ya gaji ya sauko bar 130, kilo 2,600 kaɗai za ta tura, bokiti ya zauna a ƙasa yana kallon direba. Mai inci 2 da rabi ta isa, har a bar 130 ɗin tana ba da kilo 4,160. Amsar misalinmu ke nan, inci 2 da rabi.

Kafin mu wuce, a dubi abin da ɗan kuskuren mai walda ke jawowa. In ya matsar da wurin liƙa silinda har tazarar nan ta 30 ta koma 20, santimita 10 kacal, faɗin tafin hannu, lambar da ake ninkawa ta tashi daga 8 da sulusi zuwa 12 da rabi. Kilo 6,250 ya koma 9,375. Na sha ganin an canza silinda, an zagi famfo, an canza mai, alhali ciwon yana wurin da aka liƙa ɗan kunnen ƙarfe.

Yanzu ga tambayar da nake so masu karatu su tsaya a kanta. Tun da mai inci 3 tana nan a kasuwa, wani lokaci ma ta fi araha don daga jikin tsohuwar katafila aka ciro ta, me zai hana a saka ta a huta? Ƙarfi ai ba ya yawa.

Ƙarfi yana yawa. Mu juya lissafin baya. Silinda biyu masu inci 3 suna tura kilo 15,600. A raba da 8 da sulusi, a cire nauyin bokiti da hannaye, za su iya ɗaga kilo 1,600 da ɗoriya. Silinda ba ta san taraktar da aka ɗaura ta a kai ba. In direba ya cusa bokiti ƙarƙashin kututture ko dutse ya ja liba, za ta ba da duk abin da take da shi. To, ina nauyin zai tafi? Tarakta ita ma jigo ce, tayoyin gaba su ne turkenta. A ce tsakanin tayar gaba da ta baya santimita 220 ne, kaya kuma suna santimita 120 gaba da tayar gaba. Duk kilo 100 da aka ɗaga yana sauke kilo 55 daga tayoyin baya, ya ɗora kilo 155 a kan na gaba. Da yashinmu da bokitinsa, kilo 650, baya ta rasa kusan kilo 355, gaba ta ƙaru da kusan tan ɗaya. Wannan ma ba wasa ba ne ga siraran tayoyin gaba. Amma da abin da mai inci 3 za ta iya ɗagawa, gaba za ta ƙaru da kilo 2,700 da wani abu, baya ta rasa kilo 965. In da ma kilo 1,500 tayoyin baya ke ɗauke da shi, ɗan abin da ya rage kaɗan kawai ya ɗara sulusi.

A tuna fa, taraktar da ba ta ja da ƙafa huɗu, birkinta a tayoyin baya kaɗai yake, ƙarfin tafiyarta ma haka. Tayar da ba ta danne ƙasa ba ba ta tsayar da mota. Direba yana gangaren rafi da bokiti a sama, ya taka birki, tayoyi su yi ta jan ƙasa a banza. Ko tayar gaba ɗaya ta faɗa rami, taraktar ta kife ta gefe, kuma yawancin namu ba su da ƙarfen kariya a saman direba. Wanda ya tsira daga wannan, ba zai tsira daga ɓarna ta yau da gobe ba: boris ɗin ƙafar gaba ya farfashe, sitiyari ya yi tauri ya sake, tayoyi su tsage, ƙarfen ƙafafun gaba ya lanƙwashe, ko kuwa ƙusoshin da suka riƙe hannun su tsaga jikin inji. Silinda dai lafiyarta ƙalau. Kuɗin da aka rage wajen sayenta an biya shi sau goma a wani wuri.

Dalili ke nan da ya sa nake cewa silindar da ta dace ita ce wadda za ta ƙi ɗaga abin da tarakta ba za ta iya ɗauka ba. A cikin kowane tsarin mai akwai wani ɗan bawul mai sifirin, wanda in matsi ya kai iyakar da aka sa masa sai ya buɗe, mai ya koma tanki, ka ji inji yana ƙara hannu kuwa ya tsaya. Direbobi suna jin haushinsa, alhali shi ne mai gadin rayuwarsu. Sai dai matsi kaɗai yake gani, ba ya ganin kilo. In silinda ta yi girma, kaya sun wuce kima tun matsi bai kai inda zai buɗe ba. Ko mai inci 2 da rabi ta misalinmu, a bar 170 za ta iya ɗaga fiye da tan ɗaya, abin da ya ninka bukatarmu biyu. Shawarata ita ce akwatin libar da za a saya wa hannun ya zama mai nasa bawul, a sa makanike ya daidaita shi da agogo a bar 130. A nan hannun zai ɗaga kilo 500 cikin sauƙi, ya ƙi motsi in kaya sun haura kilo 750. Abin takaici, akasin haka aka fi yi. Da hannu ya nuna kasala, sai a ɗaure bawul ɗin, ko a cusa masa wasa, har famfo ko tiyo ya fashe.

Har wa yau, babbar silinda nawa gare ta. Famfo mai ƙayyadadde yake turowa a minti ɗaya, kuma sai ya cika silinda kafin hannu ya kai sama. A ce tafiyar sanda santimita 60 ce. Biyu masu inci 2 da rabi suna shan lita 3.8, biyu masu inci 3 lita 5 da rabi. In famfo yana ba da lita 20 a minti, na farko daƙiƙa 11 zuwa 12 ne, na biyu 16 zuwa 17. Daƙiƙa biyar ba kome ba ne a ɗagawa ɗaya. A ɗagawa 200 ta yini kuwa ya haura rubu'in awa, inji yana shan man gas a banza. Akwai kuma wani abu. A taraktoci da yawa, har da irin Massey Ferguson da muka saba, man da ke ɗaga garma shi ne man giya. In silindodin irin masu tiyo ɗaya ne, waɗanda mai ke ɗagawa nauyi ya saukar, duk litar da ta shiga cikinsu daga tukunyar giya ta fita. A duba sandar awon mai bayan an ɗaura hannu, a cike giɓin.

Abin da na faɗa duka a kan turi ne. Ja dabam yake, domin a gefen sanda, sandar ta cinye wani sashe na fuskar fistin. Silinda mai inci 2 da rabi, mai sandar inci 1 da kwata, murabba'i 8 ya tafi, saura 24. A bar 170 tana tura kilo 5,400 amma kilo 4,080 take ja. Wannan ya shafi silindar da ke juya bokiti, domin a yawancin ƙirar da ake yi da ja take naɗo bokiti ya ɗebi ƙasa. A yi mata nata zanen da nata lissafin da gefen ja.

Sandar kanta tana son a dube ta. Ɗan guntun karan dawa in ka danna shi da tafin hannu ba zai motsa ba, amma dogo sai ya lanƙwashe ya karye. Haka ƙarfe yake. In tsawon sanda ya ninka biyu, nauyin da za ta jure kafin ta tanƙware ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka kada a sayi doguwar silinda mai siririyar sanda don kawai bokiti ya wuce bakin tifa. A kuma auna tsawonta a rufe da a buɗe a kan zanen nan na daɓe, don a tabbata bokiti zai taɓa ƙasa kuma hannu ba zai buga jikin tarakta ba. Tsohuwar silinda ba laifi in sandarta sumul take. Wadda ke da tsatsa ko karce za ta yanka roba cikin mako guda, balle ga ƙurar hunturu. Kada a yarda a yi walda a jikin bututun, zafi zai murɗa shi ya ƙone robobin ciki. Fin kuma a sa na ƙarfe mai tauri, ba guntun rodin gini ba.

Tiyo yana da lambar matsinsa a rubuce a jikinsa, a karanta, ya zama ya haura matsin tarakta. Bututun ruwan famfo ba ya cikin wannan magana sam. In ana zargin yoyo, a nema da guntun kwali, kada a shafa da hannu. Mai a bar 170 yana fita ta huda kamar bakin allura ya ratsa fata ya shiga nama. Ciwon a ido ba ya nuna kome, amma yana iya cin yatsa ko hannu, kuma maganinsa asibiti ne a ranar, a gaya wa likita cewa mai ne ya shiga.

Na san abin da abokaina masu walda za su ce. Za su ce sun ƙera goma suna nan suna aiki, ba su taɓa riƙe fensir ba. Gaskiya ne, kuma idon gwani ba abin rainawa ba ne. Amma yawancin waɗanda suka yi kyau kwaikwayo ne daga wani hannu na kamfani, wanda wani ya riga ya yi masa lissafi don wata tarakta dabam. Matsala tana zuwa ne ranar da mai kaya ya ce a ƙara tsawo, ko a faɗaɗa bokiti, ko silindar da aka samu ba irin ta asali ba ce. Sa'an nan mai walda hannun yake gani ya tashi ya sauka a bakin shago. Ba shi ke biyan kuɗin boris bayan wata uku ba, don haka labarin ba ya komo masa. Ba nufina a ƙwace masa aiki ba. Nufina akawu ko malamin gona ya zauna tare da shi rabin yini a kan daɓe, shi ya kawo sanin ƙarfe, su su kawo lambobi.

Takardar da za ta fito daga zaman nan ita za a haɗa da yarjejeniya, kowa ya riƙe tasa. A rubuta matsin da aka karanta a agogo, da awo biyun nan a wurare uku, da kilon da aka yi lissafi da shi, da bakin silinda da kaurin sandarta da tafiyarta. A rubuta nauyin da littafin tarakta ya yarda a ɗora wa ƙafafun gaba, da wanda aka buga a gefen taya, a ga ko lissafi ya wuce su. In ya wuce, bokiti za a rage. A kuma sa kuɗin nauyin baya a cikin ciniki tun farko. Duro ɗaya cike da kankare ya kai kilo 480, a rataye shi a inda garma ke shiga. Ya fi zuba ruwa a tayoyin baya, domin ruwa danne baya kaɗai yake yi, shi kuwa duro da yake bayan tayoyin yake, yana rage wa gaba nauyi.

Ragowar kuɗi kuma sai bayan gwaji. Ba a bukatar sikeli. Buhun takin zamani kilo 50 ne. A sami fili mai laushi ba gangare, a rataya duron baya, a kori yara nesa, kada kowa ya tsaya ƙarƙashin hannu. A sa buhu 10 a bokiti, a ɗaga har sama, a duba agogo da lokacin da ya ɗauka. A kashe inji, a bar shi minti biyar a ga ko zai zame ƙasa. In ya zame, akwai yoyo a cikin silinda ko a akwatin liba. Sa'an nan a sauke, a ƙara buhu ya zama 16, a ja liba a hankali. A misalinmu, in an daidaita bawul a bar 130, bokiti bai kamata ya tashi daga ƙasa ba. In ya tashi, a kira makanike ya sassauta bawul ɗin, a sake gwadawa kafin a biya.